Fitilar da Na Liƙe

Wanda ya zo neman labari mai daɗi yau, gara ya tsaya a nan. Abin da zan faɗa muku a hannuna ya lalace, ina kallo, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama lalacewa ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni direba ne, shekarata hamsin da uku. Ina da tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu, da ita nake kai masu gyaran turakun waya kan duwatsu, can inda kwalta ta ƙare. 'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, har ni. Mai nemanta bakanike ne. A layin gareji Mai Kunne suke kiransa, don sai ya kafa sukudireba a jikin inji, ya kara kunnensa, ya gaya maka inda ke ciwo. Wata takwas yana zuwa gidana. Ban taɓa ce masa ya zo ba, ban kuma taɓa ce masa kada ya zo ba. Abin da ya rage kawai a kai maganar gaban Yaya, babban wana, wanda tun rasuwar mahaifinmu ba a yanke komai a gidanmu sai da shi.

Ana cikin haka injin jif ɗin ya mutu. Shekara goma sha tara muna tare. Ya daɗe yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarshe gangar jikinsa ta tsage. Masu ba ni aiki suka ce sun ba ni sati uku, in ban tashi motar ba za su nemi wani.

Da safe na sami Nas a tsakar gida tana goge farar rigarta ta aiki, takalmanta na gefe ta shafa musu farin mai.

"Nas, wannan yaron naki ya san dizal kuwa?"

"Wane yaro, Baba?" Ba ta ɗago ba, amma na ga murmushi a kumatunta.

"Kin fi ni sani."

"Ga lambarsa, ka kira shi mana."

"Ni in kira shi in ce masa me? Ki dai tambaye shi, kamar daga gare ki."

"Kamar daga gare ni. Baba, ni da ban san bambancin inji da batir ba."

Uwarta na wanke kofuna ta ce, "Bar shi, girma ne ya hana shi. Sai motar ta zama ɗakin kaji tukuna."

Da yamma Nas ta zauna kusa da ni a kan benci ta kunna saƙon muryar da Mai Kunne ya turo mata. Farkonsa ba nawa ba ne. Na dai ji "Ranki ya daɗe, tun jiya nake" sai ta yi sauri ta tura shi gaba. Na yi kamar ina duba farcena.

"Ki gaishe da Baba. Ki ce masa inji uku ne ke shiga motarsa. Na farko irin wanda ya mutu ne, tsohon dizal mai silinda shida, ba turbo, ba kwamfuta. Ba ya gudu, a tudu sai an yi haƙuri da shi. Amma kusan duk man da aka ba shi zai ci, in kuma ya tsaya a daji, bakaniken ƙauye mai sifana uku zai tashe shi. Irinsa mai kyau yana da tsada wajen saye, don kowa shi yake nema, kuma sai an ɗan jira. Bayan nan gyaransa ba ya wuce filta da bel. Na biyu na fetur ne. Shi ya fi araha, kayansa ko'ina akwai. Matsalarsa ciki. A hanyar da Baba ke bi, rabin abin da ya samu a tanki zai ƙare, kuma in aka ratsa rafi wutarsa na iya ɗaukewa. Na uku sabon dizal ne mai silinda huɗu, da turbo da kwamfuta. Ƙarfi ba a magana, kuma mai kaɗan yake sha. A cikin gari ni ma shi zan ɗauka. Amma ramukan injakta ɗinsa, masu fesa mai a cikin inji, sun fi gashin kai siranta. Ruwa kaɗan a cikin mai ya isa ya cinye su. Guda ɗaya kuɗin sababbin tayoyi huɗu ne, ga su har huɗu, ga famfon mai. In ya tsaya a kan dutse ba mai taɓa shi sai an kawo na'ura. In Baba zai ji tawa, ya ɗauki na farko."

Sai muryarsa ta sauka ya ce, "Ke kuma," Nas ta danne wayar.

Na san gaskiya ya faɗa. Wallahi na sani tun a kan bencin nan.

Washegari na je shagon Yaya. Tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa, shagonsa kullum a share, shi kuma cikin farar riga mai guga da agogon da yake yawan juyawa a hannu. Na ba shi labari, na yi kuskuren cewa ga abin da Mai Kunne ya ce.

"Au, har ya fara zaɓa maka inji? Bai ko shigo gidan ba. Gobe shi zai gaya maka lokacin kwanciya."

"Shawara dai ya bayar, Yaya."

"Shawarar mai baƙin farce. Yana son ya sa maka tsohon ƙarfe don kullum ka riƙa zuwa garejinsa kana ce masa don Allah. Ina da dillali, yana da sabon nan mai kwamfuta, yau ma in kana so. Ka shiga zamani, kai ma ka huta."

Ba zan ɗora wa Yaya duka ba. Ni ma ina so. Shekara nawa ƙananan motoci na wuce ni a tudu, yaran da nake ɗauka suna cewa, "Baba Direba, mu sauka mu tura ne?" Kuma akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku. Na ji nauyin a ce wanda ke neman 'yata ya fi ni sanin abin da na shekara talatin ina ci da shi.

Na sayi na ukun.

Nas ta karanta min amsar Mai Kunne a waya: "Ba komai. Motar Baba ce. A kawo, ni zan ɗaura, don kada wani ya yi wa wayoyin aikin banza."

Kwana goma ya yi a kai. Ranar da na je karɓa, ya goge hannu da tsumma ya tsaya a gabana, ido a ƙasa. Ranar ce muka fara maganar da ta wuce gaisuwa.

"Baba, na ƙara maka filta ta biyu, mai raba ruwa da mai. Ga ta nan. Kowace safiya ka murɗa wannan ka tsiyaye ta. Kada ka sha man jarka, ko kyauta ne. Sannan ka ga 'yar fitilar nan ta gaban sitiyari? In ta kama, ruwa ya taru. Ka tsaya a inda kake, ka kashe. Ko a tsakiyar hanya ne."

"Na ji," na ce. "Tun ba a haife ka ba nake tuƙi."

"Haka ne, Baba."

Sati biyu na yi ina jin daɗi. Motar na hawa tudu kamar ba ta ɗauki kowa ba. Yaran suka daina tsokanata. Na tsiyaye filtar kwana uku na farko, ban ga komai ba, na daina.

Ranar da abin ya faru, aiki ya kai mu turaku uku maimakon biyu, mai ya yi ƙasa. A wata mararraba akwai mutumin da na shekara goma ina sayen man jarka a wurinsa. An yi ruwa kwana biyu, jarkokinsa na jere a ƙarƙashin rumfa mai yoyo. Na gani. Na ce a raina tsohon injina ya sha wanda ya fi wannan muni bai ko yi tari ba. Na sa aka zuba jarka biyu.

Ba mu yi nisa ba fitilar ta kama.

Ku gane ni. A tsohon injin, akwai fitilar da ta shekara bakwai a kunne ba ta nufin komai. Na saba in yanki baƙin salatif in liƙe ta don kada ta dame ni. Salatif ɗin na nan a aljihun ƙofa. Hannuna ya ɗauko, haƙorina ya yanka, na liƙe. Ina jin muryar yaron a kunnena yana cewa ko a tsakiyar hanya ne, na ce bari mu kai saman dutsen tukuna.

Ba mu kai ba. Injin ya yi rawa, ya yi ƙara kamar ana zuba tsakuwa a cikin bokiti, ya ɗauke. Na buɗe bonet na tsaya ina kallo. Babu abin da na gane a ciki. Bakaniken ƙauyen da aka kira ya leƙa ya ce, "Wannan sai masu na'ura." Sai washegari da rana janwe ya jawo mu gida.

Mai Kunne ne ya fara zuwa, da sassafen ranar da ta biyo, kafin kowa. Motar na tsaye a ƙofar gida, ni ina gefe. Ya gaishe ni, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerata. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan salatif ɗin. Ya sa farce ya ɓare shi, ya ninke, ya sa a aljihun rigar aikinsa. Ya fito ya sa robar ruwa a ƙarƙashin filta ya murɗa. Abin da ya zubo ya rabu biyu, mai a sama, ruwa mai laka a ƙasa, ruwan ya fi yawa. Ya ɗaga robar a hasken rana, ya dube ni sau ɗaya. Sai ya zagaya bayan katanga ya zubar.



Da hantsi Yaya ya iso da dillalin. Suka sa aka kwance injakta, aka jera su a kan jarida a tsakiyar falona. Uwar Nas na zaune a hannun kujera. Nas ta dawo daga aiki ke nan, tana tsaye a bakin ƙofa da farar rigarta, jakarta a kafaɗa. Mai Kunne ya cire takalmi ya durƙusa daga gefe.

Dillalin ya ɗauki ɗaya ya juya. "Alhaji, waɗannan ba su na ba da ba. Nawa garau suke. Injin nan kwana goma ya yi a hannun wani. Ni dai ban ce komai ba."

Yaya ya juyo gare ni. "Kai, ka sha wani mai a hanya?"

Jama'a, ga inda na mutu. Na ga Yaya, wanda tun ina yaro nake jin tsoronsa. Na ga matata, wadda na sa ta sayar da keken ɗinkinta na biyu don a cika kuɗin injin. Na ga 'yata.

"A gidan mai na cika," na ce.

"To ka ji." Yaya ya juya agogonsa, ya dubi Mai Kunne. "Injiniya, ina na asalin? Ka cire masu kyau ka sa masa matattu, don a ce maganarka ta fito, ko kuwa sayarwa ka yi?"

"Baba Babba, ban canza komai ba."

"To me ya kashe su?"

Salatif ɗin na aljihunsa. Ina ganin ɗan tudun da ya yi.

"Ka faɗa musu mana," Nas ta ce daga bakin ƙofa. "Kai da kake jin ciwon inji da kunne, ka ce ba ka san abin da ya kashe wannan ba? Ka yi magana."

Bai dube ta ba, bai dube ni ba. "Tunda a hannuna aka ɗaura, zan gyara. Ba ni da abin da zan ƙara."

"Ya amsa," in ji Yaya. "Maganar aure kuma a bar ta. Ba mu haɗa zuri'a da mai ɗan hannu."

Na ji uwar Nas ta ja numfashi. Na ji Nas ta shige ɗaki ta rufe ƙofa a hankali, da ma ta buga ta da ƙarfi da ya fi min sauƙi.

Dillalin bai bar maganar a falona ba. Kafin kwana biyu ta zagaye layin gareji. Mutum biyu suka zo suka janye motocinsu daga hannun Mai Kunne. Mai rumfar da yake aiki a ciki ya ce ya ɗan huta tukuna. Duk wannan a wurin wani mai facin taya na layin na ji, yana ba ni labari yana tausaya min, wai an cuce ni.

Mai Kunne kuwa ya zo ya yi kwana huɗu a ƙofar gidana. Ya sauke tanki ya wanke, ya canza famfo, ya sa wasu injakta. Da na tambayi mai faci inda ya samo kuɗin, ya ce na'urarsa ta duba kwamfutar mota ya sayar, wadda ya shekara biyu yana tara mata. Uwar Nas ta aika masa da shayi da burodi, ya ce ya gode, ya ƙoshi. Ni kuwa in zan fita sai in bi ta ƙofar baya. Mutum mai furfura yana zagaye gidansa don kada ya haɗa ido da yaro.

Ranar ƙarshe ya tayar da motar, ya kara kunne, ya ajiye makulli a kan bonet ya tafi.

Motar ta tashi. Aikin ma ban rasa shi ba, sun ce in dawo ranar Litinin. Ni kaɗai na fita ba ko ƙwarzane.

Nas ta daina cin abinci tare da mu. Ta rame, rigar aikin ta yi mata yawa a kafaɗa. Ba ta yi min rashin kunya ba, tana gaishe ni, tana kawo min ruwa. Jiya har ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni na jawo maka shi." Na ce mata ba komai. Ku ji fa. Na ce mata ba komai.

Yau da la'asar ta same ni a kan benci ta miƙo min wayarta. Ba murya ba ce, rubutu ne.

"Na sami aiki wurin masu haƙa rijiyoyi, can nesa, wata shida ko fiye. Jibi za mu tashi. Ba zan iya shiga gidan da ake min kallon ɓarawo ba. Kuma ba zan wanke kaina da abin da zai ɓata miki gida ba. Kada ki tambaye ni. Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci."

"Baba," ta ce, "na karanta ya fi sau ashirin. Mene ne abin da zai ɓata min gida?"

Na gaya mata. Jarka, rumfa mai yoyo, fitila, salatif, robar da ya zubar a bayan katanga. Ban ɗago kai ba har na gama. Na jira kuka, ko ta ce wani abu mai zafi in ji sanyi.

"Yana aljihunsa lokacin da nake ce masa ya yi magana?"

"Yana ciki."

"Ka san abin da na rubuta masa ranar? Na ce in bai yi ba me ya hana shi rantsuwa. Ni na rubuta masa haka, Baba."

"Nas, ki yafe min."

"Ba ni aka kira ɓarawo ba." Ta karɓi wayarta. "A falon nan aka faɗa, gaban Baba Babba da dillalinsa da Mama. A nan za ka warware. Sannan ka je layin gareji da ƙafarka ka faɗa wa mai rumfa. In ka yi, zan kira shi. In ba ka yi ba, ba ni da bakin da zan kira shi da shi."

Ta tashi ta shiga ciki. Uwarta na tsaye a ƙofar kicin, ta ji komai. Ta koma ta ci gaba da aikinta.

Na kira Yaya na ce ina son ya zo gobe da safe, shi da dillalin. Ya ce, "Lafiya? Ko yaron ya dawo da kayan ne?" Na ce sai dai ya zo.

Na san abin da zai biyo baya. Yaya zai ce na kunyata shi a gaban bare, kuma shi ba ya janye magana, ko ya ga ba daidai ba ce. Mai yiwuwa ya ce auren dai ba za a yi ba, don kada a ce yaro ya kayar da shi. Layin gareji kuma, inda na shekara talatin ana ce min Baba Direba, za su san na bar yaro ya sayar da kayan sana'arsa don ya rufe min ƙarya.

Gobe ƙarfe tara Yaya zai zo. Jibi motar masu rijiya za ta tashi. Ban sani ba ko bakina zai buɗe in Yaya ya zauna ya dube ni, don sau ɗaya ya riga ya ƙi. Ban kuma sani ba, ko da na faɗa duka, ko yaron zai yarda ya sake taka ƙofar gidan nan.